Abin da ke Shan Batirin Motar Baba

Ni malamar fizik ce. Na faɗi wannan tun da fari don a san abin da ya same ni ba jahila ya sama ba. Kowace shekara ina tsayawa gaban allo in zana batir da waya da ƙwan fitila, in gaya wa 'yan kolej cewa wuta ba ta ɓata haka kawai, duk inda ta tafi akwai hanyar da ta bi. Wanda ya kasa maimaita mini wannan sai ya ga jan alƙalamin bik a takardarsa. Sai ga shi na yi wata huɗu batirin mota na ƙarewa a tsakar gidanmu, kusa da igiyar da nake shanya, ban gano hanyar ba. Har na sa ranar sayar da motar.

Motar ta Baba ce, tsohuwar kat-kat, motar ratsa daji mai shan gazwal, wato dizal. A takarda fara ce, amma rana ta daɗe da sauya mata launi. Da ita ya ciyar da mu. Tun ina ƙarama yake ɗaukar turawa masu yawon kallo zuwa Iferwan da cikin hamadar Tenere, da suka daina zuwa ya koma ɗaukar kaya da fasinja, ya yi shekara talatin yana wannan hanya. Har yau mutanen unguwa "shofer" suke ce masa. Ni kuwa "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa bai taɓa kama sunan ba.

Da mijina ya rasu na dawo gidanmu da 'ya'yana mata biyu. Lokacin idon Baba ya fara dushewa, likita ya ce ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne. Baba ya ci gaba da tuƙi cikin gari, yana cewa Agadas a kansa take, ba a idonsa ba. Wata ranar Juma'a yana ja da baya ya kwashe rabin katangar maƙwabcinmu, wadda minti kaɗan kafin nan mata ke zaune a gindinta suna tsince shinkafa. Ba wanda ya ji ciwo. Ni dai zuciyata ta hau, kuma idan ta hau ba ta tambayar wa ke wurin. A gaban 'yan fadar shayin ƙofar gidanmu na miƙa hannu.

"Baba, ba ni lakile. Kuma ka yi mini alkawari ba ka ƙara tada motar nan."

Ya zaro makullin daga aljihu ya sa mini a hannu.

"To, Uwata. Ba ni ƙara tada ta."

Na jefa makullin a jakata, na ji kaina kamar wadda ta ceci unguwa. A gaban mutane na yi masa haka, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau suke ci mini rai.

Shi ya koya mini tuƙi tun ina budurwa, don haka motar ta dawo hannuna. Gazwal ba na albashin malama ba ne, sai na riƙa hawa kabu-kabu zuwa lakol inda nake koyarwa, motar kuma in fito da ita ranar Lahadi kaɗai, in kai Baba gaida ƙanwarsa a bayan gari, mu biya kasuwa mu sayo hatsi da kayan miya. Sauran kwana shida tana ƙarƙashin rumfa. Ba a yi wata ba, wata Lahadi na murɗa makulli, motar ta yi ɗan nishi sau biyu ta yi shiru.

Nan 'yan fada suka shigo rayuwata. Maza ne biyar ko shida da ke zaune gindin dalbejiya daga hantsi har la'asar, ba mai mota ko ɗaya a cikinsu, amma duk sun san ciwon mota. Suka tura ta, kat-kat kuwa ba amalanke ba ce, kafin ta tashi duk sun jiƙe. Ladan turin shi ne in saurari ra'ayinsu. Ɗaya ya ce motar da ta saba da daji ba ta son zama, fushi take. Wani ya ce ƙafar mace ba ta taka mota yadda batir zai ƙoshi. Na tambaye shi ta yaya batir ke gane ƙafar mace, ya ce ai ni ce mai boko, in je in bincika. Mafi tsufansu kuwa ya kalli motar ya girgiza kai ya ce abin da ta kwaso a Tenere ba duka ta sauke ba.

Lahadi ta gaba haka, ta bayanta ma haka. Na je wurin mai sayar da batir, ya ɗora hannu a kan nawa kamar mai ta'aziyya, ya ce jabu ne aka sayar wa Baba. Ya ba ni sabo, ya rantse irinsa ake sa wa motocin ma'adinai. Sabon ya yi sati biyu. Da na mayar masa ya ce batirinsa lafiya lau yake, motata ce ke da maita, in kai ta wurin mai gyaran wuta.

Mai gyaran wutar ɗan siriri ne, kullum da ƙwan fitila a ɗaure da waya rataye a wuyansa. Ya zo har gida. Ya buɗe kapo, murfin gaban motar, ya cire kan batir ɗaya, ya sa ƙwan a tsakani. Ƙwan bai kama ba. Ni na san ma'anar haka, wato ba abin da ke jan wuta a lokacin. Shi kuma ya san ba a sallamar mai gyara da ladan cewa bai ga komai ba.

"Madame, akwai mas, wuta na zurarewa ta jikin ƙarfe. Ɓoyayya ce. Rediyon ga ne."

"Ai ƙwanka bai kama ba."

"Shi ya sa na ce ɓoyayya ce, Madame."

Ya zare rediyon. Baba na zaune a tabarmarsa bakin ɗaki, kunnensa na wajenmu. Ya ce a miƙo masa. Ya shafa shi, ya hura ƙurar da ke jiki, ya shiga da shi ɗaki. Sati na gaba batir ya mutu, mai gyara ya dawo ya kama agogon tablo, na gaban shofer, da laifi. Bayan agogo sai fitilar cikin mota, bayan ita sai wurin kunna taba, abin da rabon a taɓa shi tun zamanin turawan yawon kallo. Duk abin da aka cire, Baba ya ce a miƙo masa. A ƙarshe mai gyara ya ce alternatar ce, mai mayar wa batir wuta, ya kwance ta ya tafi da ita kwana uku, ya dawo da ita an wanke ta tas. Ban san abin da ya yi mata ba, ina zaton shi ma bai sani ba.

A tsakiyar wannan wahala wani mai jigilar ruwa da mutane zuwa wurin tonon zinari na Cibarakaten ya fara zuwa gaishe mu. Ya daɗe da ƙyasa motar. Zai durƙusa ya gaida Baba, idonsa na ƙarƙashin rumfa. Ya ce mini irin wannan moter, wato injinta, ba a ƙara yin sa, kuma shi batir bai dame shi ba, can ba a kashe mota balle ta mutu. Na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Amma ranar da batir na uku ya kwanta, na tsaya tsakar gida da ƙarfi na ce wallahi idan ban gano abin nan ba kafin ƙarshen wata mai kamawa, mai zinari zai tafi da ita. Baba ya ji. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Sai na ce bari in daina biye wa jahilai, in yi aikin da kaina. Ranar Asabar na aro na'urar awon wuta daga labo, ɗakin gwajin kolej, na ja layuka a littafi kamar yadda nake sa ɗalibai su yi. Na haɗa na'urar tsakanin batir da wayarsa, na riƙa zare fizibil, 'yan fis ɗin motar, ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da na gani. Ba abin da na gani. Motar ba ta jan wutar da za ta kunna idon kyanwa. Na maimaita sau uku, don haka nake cewa a yi. 'Yan fada suka leƙo ta ƙofa suna kallon Madame ta shiga kapo har ƙugu, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa yau boko zai gamu da gamonsa.

Na yanke shawarar da babu gardama a cikinta. Na kwance kan batir ɗin gaba ɗaya, na karkatar da wayar gefe, na rufe kapo. Batirin da ba a haɗe yake da komai ba, ba abin da zai sha shi. Ɗan aji ɗaya ma ya san wannan. Na yi sati guda ina tafiya da ƙwarin gwiwa. Ranar Lahadi na buɗe kapo, na tarar da wayar a karkace yadda na bar ta. Na ɗaura, na murɗa makulli. Ko nishin ma ba ta yi ba.

Na sauko na zauna a kan dakalin ƙofar kicin. Na tuna duk yaran da na ba sifiri saboda sun ce wuta na iya guduwa ta iska, na ji ya kamata in neme su in ba su haƙuri. Ranar nan fadar shayi ta yi biki. Dattijon nan da ya ce motar ba ta sauke duk abin da ta kwaso ba, bai ko yi murmushi ba, ya dai aika aka karɓo ruwan rubutu a wurin wani malami. Na bari suka yayyafa wa tayoyi huɗu da kapo, suka rataya laya a madubi. Na gaya wa abokan aikina na yarda ne don kada a ce na raina dattawa. Gaskiya kuwa har cikin raina na so abin ya yi aiki. Bai yi ba.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne na ciro batirin ɗungurungum, na kai aka cika shi, na shigar da shi ɗakina na ajiye ƙarƙashin gado, kusa da akwatin kayan aurena. Kullum idan zan fita sai in kulle ɗakin. Sati biyu yana nan, ina auna shi safe da yamma, bai rage ko kaɗan ba. Na rubuta a littafina cewa batir lafiya, mota lafiya, amma idan sun kwana wuri ɗaya sai a yi asara. Wannan shi ne sakamakon binciken malamar fizik, kuma na ja masa layi biyu.

A cikin sati biyun nan Baba ya canza. Ya rage cin abinci. Ina dawowa daga lakol in tarar da shayinsa ya huce a gefe, shi kuma yana kwance fuskarsa na bango. Na kai shi likita, aka auna jini, aka auna sukari, aka ce tsufa ne, aka rubuta masa maganin ƙarin ƙarfi. Na sayo, na tsara masa lokutan sha a takarda, na manna a ƙofar ɗakinsa, mutumin da ba ya ganin ƙofar sai da laluba.

Yanzu idan na tuna, abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Na tambayi mai batir, na tambayi mai gyaran wuta, na saurari 'yan fada, na karɓi ruwan rubutu, har malamin lissafi na tara a ɗakin malamai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kwana yana tashi da motar nan yana zaune taku goma daga gare ta, ban taɓa ce masa "Baba, mene ne ra'ayinka" ba. Tun ranar katanga na cire shi daga cikin masu sanin mota na sa shi cikin masu shan magani.

Wata ya ƙare, na aika wa mai zinari ya zo ranar Alhamis bayan la'asar. Na gaya wa Baba muna cin tuwo, ban kalle shi ba.

"Baba, jibi za a zo a ɗauki motar. Na gaji."

"To, Uwata."

Ranar Laraba da yamma na mayar da batirin na ɗaura, don mai saye ya tarar da ita tana tashi. Na ce kwana ɗaya dai ko aljanin ma ba zai shanye shi ba.

Alhamis da safe na isa lakol na tarar malamai sun shiga yajin aiki. Muka tsaya gindin bishiya aka karanta takarda, aka tafa, kowa ya kama gabansa. Wajen ƙarfe goma kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gida, lokacin da ban taɓa kasancewa a gida ba a ranar aiki. 'Yan fada ba su gama haɗuwa ba. Na tura ƙofa a hankali don ina zaton Baba na barci.

Yana cikin motar, a mazaunin shofer, da rawaninsa na tafiya. Na tsaya a zaure. Na ji ya murɗa makulli rabi, wurin da bujin gazwal ke ɗaukar zafi kafin a tada moter. Leɓensa na motsi yana ƙirga, har abin ya yi ƙas. Ya mayar. Ya sake murɗawa, ya sake ƙirgawa. Sau uku ya yi, yadda ake yi da asubar sanyi a daji. Ina jiran ya ƙarasa murɗawar, bai ƙarasa ba.

Sai ya kunna fitilu, manyan da ƙananan, har da biyun nan da ya ƙara a gaba don tafiyar rairayi. Ya sauko yana dafa jikin motar har ya zo gabanta. Rana tsaka, ko mai ido da ƙyar zai gane fitila na ci. Ya ɗora tafin hannunsa a gilashin ta hagu ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai da ya ji ɗumi ya taso, sannan ya gyaɗa kai ya matsa ta dama ya ɗora hannu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya baya ga jajayen, waɗanda suka fi jinkirin ɗumi.

Kaina, da yake ya saba, ya fara lissafi ba tare da na sa shi ba. Buji sau uku, fitila shida a gaba da jajayen baya, kusan rabin awa, kwana shida a sati, moter kuma bai tashi ya mayar da ko ɗigo ba. Amsar ta fito daidai, har da saura. Wata huɗu ina neman hanyar da wutar ke bi, ga ta nan tana bi ta tafin hannun ubana.

"Kin komo da wuri, Uwata," ya ce, bai juyo ba.

"Ana yajin aiki."

"Na ji takunki tun zaure."

Ya koma ya kashe fitilun, ya zaro makullin. Ba irin nawa ba ne, wannan ya yi tsatsa, da guntuwar waya a jikinsa.

"Baba, ina ka samu wannan?"

"Ƙarƙashinta. Shofer ɗin daji ba ya tahiya da lakile guda. In ɗaya ya hwaɗa rairayi, mi za ka yi? Tun ran da na saye ta yake ɗaure nan."

"To ranar da na kwance kan batir fa?"

Ya sa hannu a aljihu ya nuna mini ɗan ƙarfen kwancewa, duk ya sha hannu.

"Ina ɗaurawa in duba ta, in kwance in mayar miki yadda kika bari. Ke dai ba ki iya ɗauri ba, sako-sako kike yi."

Raina ya ɓaci, kuma da ɓacin ran na fara, don shi na fi iyawa. Na ce masa batir uku, rediyo, agogo, alternatar, turin mota a gaban duk unguwa, ruwan rubutu a kan kapo. Na ce shi da ya fi kowa sani, bai san fitila ba moter na cin batir ba?

"Na sani."

"Ka sani?"

"Awo. Tun Lahadin hwarko na sani."

"Me ya hana ka tada ta minti goma ta mayar da abin da ta ci?"

"Kin ce kada in ƙara tada ta. Na ce to, gaban mutane. Ban tada ta ba."

Ya jingina da ƙofar motar, ya ci gaba a hankali, kamar yana ba fasinja labarin hanya.

"Shekara talatin ban sha shayin hantsi ba sai na duba ta. Buji, hitila, sannan a tashi. Da kika amshi lakile na yi kwana uku ban duba ba, sai na rasa mi zan yi da sahiya. Na ce dubawa ai ba tuƙi ba ce."

"Da ka faɗa mini."

"In na hwaɗa, ki amshe wanga shi ma. In ban hwaɗa ba, ki saida ta. Kullum ina cewa gobe zan zaɓi ɗaya. Har goben ta ƙare."

Ya miƙo mini makullin mai tsatsa, hannunsa ya ɗan kauce daga inda nake.

"Ungo. Ki ba yaron da zai saye ta duka biyu. Ki ce mishi ya ɗaure wanga ƙarƙashi, kada ya sa su aljihu guda. Hanyar Cibarakaten ba ta da kirki. Hitilar baya ta dama kuma tana jinkiri, ya canza ta kahin ya tahi."

Ban karɓa ba. Kuka ne ya zo mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina, kuma na ji haushin zuwansa don ban gama faɗan ba. Na kama hannun nasa na mayar da shi wurin kontak, inda ake sa makullin.

"Baba, shiga ka tada ta."

"Alkawarin hwa?"

"Ni na sa shi, na cire."

Ya hau, ya gyara zama, ya taɓa bitesi, sandar giyar mota, ya tabbatar ba ta cikin komai. Ya ɗumama buji, duk da ya riga ya yi sau uku. Sannan ya ƙarasa murɗawar. Moter ya ja da nauyi, ya yi tari, ya kama, hayaƙi ya cika tsakar gida har ya bi kayan da na shanya. Baba ya karkatar da kai yana saurare, fuskarsa ta ɗaure.

"Wa ya ɗaura mata alternatar ɗin ga? Igiyar ta yi sako. Ba ki jin kukanta?"

Ban ji komai ba, amma na ce ina ji.

Mai zinari ya zo bayan la'asar na ba shi haƙuri. Ya ce dama ya san ciniki da mata haka yake, na ce ya gode Allah yau ba ni da ƙarfin amsa masa. Tun daga ranar, kowane hantsi Baba na duba motarsa, ya tada ta, ya bar ta tana aiki har ya gama kofin shayi na biyu. Ba ya motsa ta daga rumfa, wannan kam mun yi magana, mu biyu, ba a gaban kowa ba. Batirin bai ƙara mutuwa ba. Ya fito da rediyo da agogo da fitilar ciki daga ƙarƙashin gadonsa, ya zaunar da ni yana gaya mini wace waya ke shiga ina, na mayar da su.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Don haka mai gyaran wuta yana ba da labari a garaji cewa shi ya kama ɓoyayyar mas a motar Madame. Mai batir ya ce dama ya faɗa kayansa ba sa ƙarya. Dattijon fada ya ce ruwan rubutu ba ya aiki da gaggawa, kuma har yau layar na rataye a madubi, don Baba ya ce a bar ta, ba ta cin wuta.

Da yammar wannan Alhamis ɗin na zaro makullin da na karɓe daga jakata, na kai masa har tabarma, na sa masa a hannu tare da nasa. Na so in ce ya yafe mini ranar katanga, bakina ya ƙi. Ya shafa su duka biyun, ya gane kowanne, ya riƙe mai tsatsar ya miƙo mini ɗayan.

"Riƙe naki, Uwata. Ranar Lahadi ke ce shofer."